Me Ya Hana Kano Samun Unguwar Yahudawa?

A tsakiyar Disambar 1823 wani ayari ya tashi daga Kukawa ya nufi Kano. Yawancin matafiyan fatake ne Larabawa, sai Turawan Birtaniya biyu da suka raɓu da su, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus suka sauka a hannun Shehu Laminu na Borno. Hanyar ta bi gaɓar Komadugu Yobe ta yi yamma, ta ratsa ƙasar Bade, ta shigo yankin fadamun nan da Kogin Hadejia da Kogin Jama'are suke malalewa kafin su haɗe. Hunturun shekarar bai zo da wasa ba. Clapperton ya rubuta cewa akwai safiyar da suka wayi gari suka tarar ruwan da ya kwana a waje ya yi ƙanƙara a samansa. Oudney, wanda dama ciwon ƙirji ya riga ya cinye shi, bai ga Kano ba: ya mutu ranar 12 ga Janairun 1824 a Murmur, gaba kaɗan da Katagum ta Sarki Ɗan Kauwa. A lokacin Sambo ne a gadon Hadejia, Ibrahim Dabo kuma a Kano.

An sha ba da wannan labari saboda Turawan biyu. Amma akwai wani a cikin tawagar da ba a cika waiwayarsa ba. Sunansa Jacob, Bayahude ne ɗan Jibralta, shi ke riƙe da kayan Turawan da guzurinsu. Ya shiga Kano tare da ubangidansa ranar 20 ga Janairu. Da Clapperton ya tashi wucewa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Kano ya bar shi, da sharaɗin in ta Allah ta kasance a can, ya mayar da kayan Borno. Kusan wata uku Jacob ya ƙara yi a birnin kafin ubangidansa ya dawo.

Da a Tarabulus ne, ko Tunis, ko Fas, da la'asar ɗin Juma'a ta yi ya san inda zai dosa: unguwar mutanensa, majami'arsu, da gidan da za a ajiye masa gurasar Asabar. A Kano babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ga shi kuwa Kano ba ƙauye ba ce. Clapperton da kansa ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000, kuma ya ga kayan Masar da na Turai jibge a Kasuwar Kurmi.

Kano kuma gari ne da ba ya mantuwa da baƙonsa. Duk jama'ar da ta zo fatauci ta daɗe, sai ta bar sunanta a jikin wata unguwa. Akwai Zangon Barebari, akwai Tudun Nufawa, akwai Ayagi ta Yarabawa, akwai Agadasawa. Akwai Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna tun ba a san Nasara ba, ga Alfindiki masaukin fatake, ga Sharifai. Ka zaga cikin ganuwa daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kabuga, ba za ka ji unguwar Yahudawa ba, ba tsohuwar majami'arsu, ba maƙabartarsu. Alhali kusan duk babban birnin da raƙuman Kano suke sauke kaya a arewacin hamada yana da irin wannan unguwa, kuma a wasu wuraren mutanenta ne ke riƙe da igiyar cinikin Sudan. Ruwa ba ya tsami banza.

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce ai Kano garin Musulmi ne. Ba ta gamsarwa. Fas da Tunis da Tarabulus ma garuruwan Musulmi ne, Malikawa irinmu, kuma Yahudawa sun zauna a cikinsu ɗaruruwan shekaru a matsayin 'yan amana masu biyan jiziya. Ita kanta ƙasar Kano ta san wannan tsari, domin a zamanin daular Sakkwato Maguzawa jiziya suke biya su ci gaba da nomansu da al'adunsu. Gurbin yana nan a shari'a. Mutanen da za su cika shi ne ba su zo ba.

Kafin a bi sawu, sai an san abin da ake nema. Majami'ar Yahudawa ba ta tsayuwa da mutum ɗaya komai dukiyarsa. A shari'arsu ba a yin ibadar jam'i, ba a warware naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta a gaban jama'a, ba a yi wa mamaci addu'ar da suka gada, sai maza baligai goma sun hallara. Tara ba su isa ba ko da dukkansu malamai ne. Bayan goman nan ana bukatar mahaucin da ya koyi yankansu, da mai yi wa jariri kaciya ranar takwas, da wurin wankan tsarki, da malamin yara, da filin binne gawa. Saboda haka duk inda ka ga majami'a, to iyalai ne suka sauke kaya suka yi niyyar mutuwa a nan. Ginin shi ne mafi sauƙi a cikin sha'anin.

Sawun ya fara ne daga Tuwat, jerin dausayoyin dabino da ke jihar Adrar ta Aljeriya a yau. A ƙarni na 14 da na 15 nan ne babban zangon da ke tsakanin Tilimsan da Sijilmasa a arewa da Tambutu da Gawo da Azbin a kudu, kuma babban garinsa, Tamantit, yana da tsohuwar al'ummar Yahudawa da majami'arta. An samu dutsen kabari a yankin mai rubutun Ibraniyanci, na wata mace, ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1329. A 1375, can a tsibirin Mayorka, aka zana shahararriyar taswirar nan da ake danganta wa Bayahude Abraham Cresques, wadda ta nuna Mansa Musa zaune da kambi a ka yana riƙe da curin zinariya, ga Tambutu da Gawo a gefensa. Masana na ganin ta hannun 'yan kasuwar Yahudawa na Magrib irin wannan labari ya isa teburinsa. A 1447 kuma wani ɗan kasuwar Jenowa, Antonio Malfante, ya aika wasiƙa gida daga Tuwat. Ya ce Yahudawa suna da yawa a wurin, suna zaune lafiya, kowane rukuni yana ƙarƙashin wani babba daga masu garin da ke kare shi, kuma ciniki ta hannunsu yake bi. Wato a lokacin da Kano take tasowa, a tsakiyar hamada akwai wurin da goman nan ta cika har ta yi rara. Daga Tamantit zuwa Agadas zuwa Katsina da Kano, zango ne kawai ke bin zango.

Sai Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya sauka a Tuwat.

Mu a nan ta fuska ɗaya muka san shi, kuma kyakkyawar fuska ce. Shi ne malamin Tilimsan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa Tajuddini, littafin da ya tsara wa sarki yadda zai riƙe fada da baitulmali da shari'a. Tarihin Kano ya ce a kan shawararsa aka sare itacen tsafi aka gina masallacin Juma'a. Sharifan Kano, da Sidi Fari a kansu, ga ɗansa Malam Isa suke jingina asalinsu. Shekara ɗari uku bayansa Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu suna kafa hujja da maganganunsa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika karantawa a zaurukanmu ba shi ne abin da ya bari a baya kafin ya iso.

Maghili ya tarar da Yahudawan Tamantit cikin wadata, suna shiga wurin masu mulki suna fita, ya ga cewa sun wuce iyakar da amana ta yanka musu. Ya rubuta risala yana cewa sun warware alkawari, tunda ba sa biyan jiziya a yanayin ƙasƙanci kamar yadda ya fahimci hukuncin, kuma majami'arsu ba ta da hurumin tsayuwa a garin da yake na Musulmi. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce bai yarda ba: mutanen nan 'yan amana ne, majami'ar ta daɗe a tsakiyar gidajensu, rushe ta zalunci ne kuma buɗe ƙofar fitina ce. Kowannensu ya aika wa manyan malaman Tilimsan da Fas da Tunis yana neman fatawa. Amsoshin suka dawo a rabe. Muftin Tilimsan, Ibn Zakri, yana cikin waɗanda suka hana. Al-Tanasi ya goyi bayan Maghili, haka ma Imam Sanusi, mai Ummul Barahina ɗin nan da almajiranmu ke haddacewa a ilmin tauhidi. An adana wannan muhawara a cikin Mi'iyar na Wansharisi, kuma duk mai son ganin yadda malamai na mazhaba ɗaya, masu karanta littattafai iri ɗaya, suke rabuwa gida biyu a kan ran mutane, ya je can ya duba.

Da wasiƙar Tanasi ta iso, Maghili bai jira ba. Ya tara mabiyansa suka rushe majami'ar. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa kuma yana girmama shi, ya kawo cewa har ladan miskali bakwai na zinariya ya sa a kan duk Bayahuden da aka kashe. An kashe wasu, wasu suka musulunta, saura suka watse zuwa Tafilalt da Mizab da gefen hamada na arewa. A nawa ganin alƙali Asnuni ne ya fi kusa da abin da Musulmin Magrib suka saba yi kafin wannan rana da bayanta, kuma girmama Maghili bai hana a faɗi haka ba.

Akwai ɗan ƙulli a kan shekarar. Littattafai da yawa suna cewa 1492, kuma shekarar tana da daɗin riƙewa, don a cikinta Garnaɗa ta faɗi a hannun Kiristoci, a cikinta kuma aka kori Yahudawa daga Sifen. Sai dai wasiƙar nasiha da Maghili ya rubuta wa Rumfa tana ɗauke da shekarar 897 ta Hijira, wadda ta fara a ƙarshen 1491 ta ƙare a 1492. Mutum ba zai rushe gini a Tamantit, ya ratsa hamada, ya yada zango a Takedda da Azbin yana karantarwa, sannan ya zama mashawarcin Sarkin Kano duk a 'yan watanni ba. Da alama rushewar ta riga 1492 da shekara ɗaya ko biyu. In haka ne, ba gudun hijirar Andalus ce ta tayar da rikicin ba. Rikicin gida ne na Tuwat, a zamanin da Turawan Fotugal suka fara janye zinariya ta bakin teku, suka gina gidan cinikinsu na Elmina a 1482, kasuwar hamada ta fara ƙunci.

Daga ƙasar Hausa Maghili ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya amsa masa tambayoyin nan da suka shahara. Yana can labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kama su, sai da alƙalin Tambutu, Mahmudu ɗan Umar, ya tsaya ya ce waɗannan ba su da laifi sannan aka sake su. Maghili ya koma Tuwat ya rasu wajen 1504. Amma abin da ya shuka a fadar Songhai ya tsiro. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya gama littafinsa a 1526, ya kuma rubuta cewa sarkin Tambutu ba ya barin Bayahude ya zauna a garinsa, kuma in ya ji ɗan kasuwar Magrib yana hulɗa da su sai ya ƙwace dukiyarsa.

A nan gurbi ne na ture wasu tatsuniyoyi gefe. Littafin Tarikh al-Fattash ya ba da labarin Bani Isra'ila da suka taɓa zama a Tindirma a bakin Kogin Kwara suka haƙa rijiyoyi 333, Bafaranshe Maurice Delafosse kuma ya zo a 1912 yana cewa Fulani jikokin wasu Yahudawan Sham ne. Na farko labarin kaka da kakanni ne, na biyu kuwa ciwon Turawan mulkin mallaka ne na nemo wa duk wani abin kirki na baƙar fata uba daga waje. Ba ɗayansu da ya taɓa tambayarmu.

To, an gano mai laifi ke nan? Da saura. Daular Songhai ta faɗi a 1591 a hannun sojojin Maroko, kuma dokar sarki ba ta rayuwa shekara ɗari uku bayan gadonsa ya rushe sai in akwai masu cin moriyarta. Abin da ya faru a Tambutu a ƙarni na 19 shi ya tona su.

Wani malamin Yahudawa ɗan garin Akka a kudancin Maroko, Mordechai Aby Serour, wanda aka haifa a 1826, ya ƙudurta sai ya shiga Tambutu ya yi ciniki da kansa. Shi da ƙanensa Ishaƙu suka biyo ayari, aka tsare su a Arawan kusan shekara guda, suka isa wajen 1860. Waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya a kan zuwansu fataken Maroko ne mazauna garin, mutanen da a can gida da Yahudawa suke ciniki kullum. Maganar ta kai gaban Amadu Amadu, mai mulkin Masina a Hamdullahi, ya yarda su zauna su biya jiziya. Mordechai ya yi arziki, ya koma Akka ya kwaso 'yan'uwa da dangi har suka cika goma, suka tsayar da ibadar jam'i a Tambutu. Ga majami'a ta tsaya a kudancin hamada, da izinin sarkin da ya gaji jihadi. Ba ta yi tsawon rai ba. Aka yi ta fashin ayarinsa, jari ya karye, jama'ar ta watse cikin 'yan shekaru. Mordechai ya ƙare yana yi wa Bafaranshe Charles de Foucauld jagora a Maroko a 1883 da 1884, ya mutu a birnin Aljiyas a 1886 ba shi da komai.

Wato hukuncin malamai yana iya sassautawa. Kishin 'yan kasuwa ne ba ya sassautawa. Hanyar Kano kuwa ta fi ta Tambutu masu gadi. Daga Tarabulus sai Gadamas, sai Gat, sai duwatsun Azbin, sai Damargu da Damagaram, sannan Kano. Mutanen Gadamas ne ke riƙe da ita, suna da 'yan'uwa da wakilai a kowane zango, suna da gidaje da mata da 'ya'ya a Kano. Raƙuma da rakiya kuma na Buzayen Azbin ne, kowane yanki da wanda ake biya kafin a wuce. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da fataken Gadamas cikin manyan attajiran birnin. Duk arzikinsu ya rataya ne a kan abu ɗaya: su kaɗai ke iya kai kaya daga wannan baki zuwa wancan. Me zai sa su ɗauko mai jarin su nuna masa hanya? Ƙara da cewa ayari ba ya tsayawa don Asabar ta zo, kuma Bayahude mai riƙo da addini ba ya tafiya ranar, ba ya cin yankan da ba nasu ba, tafiyar kuwa ta watanni ce.

Sai aka raba aiki. Gidajen kasuwanci na Yahudawan Tarabulus, irin su Arbib da Nahum da Hassan, wasu da rassa a Mancesta, wasu a Landan da Faris, su ke ba da kaya bashi: farin yadin Mancesta, alharini, sukari, shayi, duwatsun ado, madubai. Ta wannan hanya ce ma takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku take zuwa, wadda alarammominmu suka rubuta Alƙur'anai da ita. Bagadamashe ya ɗora wa raƙuma ya yi kudu, bayan shekara ɗaya ko fiye ya dawo da hauren giwa da jemammiyar fatar akuya da gashin jimina, a sayar, a cire uwar kuɗi, a raba riba. Bayi ma sun bi hanyar, har bayan da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta haramta cinikin a 1857. Masaniyar tarihi Marion Johnson ta bi diddigin wannan ciniki na Tarabulus da Kano, Sarah Stein kuma ta rubuta littafi sukutum a kan gashin jimina da Yahudawa.

Gashin jiminar nan ya cancanci a tsaya a kansa. A Kano kayan sarauta ne, kuma Tarihin Kano ya lissafa figini da takalman gashin jimina cikin abubuwan da Rumfa ya fara, shi dai Rumfan da ya sauki Maghili. A shekarun 1870 matan Landan da Faris da Niyok suka haukace a kan sa shi a hula. Maharba da masu kiwon jimina a Damargu da Borno da Wadai suka samu kasuwa, dillalan Kano suna tarawa, raƙuma suna kaiwa arewa. A Tarabulus, cikin lungunan unguwar Yahudawa da ake kira Hara, ake kwance ƙunshin, a kakkaɓe rairayi, a wanke, a ware farin gashin fiffiken namiji mai tsada daga baƙi da toka-tokan na mace, a ɗaure dami-dami a sa a jirgin ruwa. Talakawan unguwar da yawa da wannan aiki suke ci. Gashin na yankinmu ya yi suna har gwamnatin Afirka ta Kudu, wadda manomanta suka riga suka mamaye kasuwar da jiminar kiwo, ta turo tawaga a 1911 ta zo ta Kano neman irin, ta koma da jiminu sama da 100. Ba su ci ribar wahalarsu ba, don a 1914 kasuwar ta rushe gaba ɗaya.

Saboda haka in ana neman majami'ar da cinikin Kano ya taimaka wa, a Hara take. Can ne Sla al-Kabira, babbar majami'ar garin, da Dar Bishi mai ƙawa, da ƙanana birjik a lungu-lungu, kowace da masu zuwanta. A 1941 ana lissafa majami'u 44 a Tarabulus, Yahudawa kuma sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Ɗan garin, Mordechai Ha-Kohen, wanda ya rasu a 1929, ya bar littafi da Ibraniyanci a kan al'adunsu da sana'o'insu da zamansu da maƙwabta Musulmi. Larabci suke yi a gida da kasuwa, irin wanda ake ji a Dandalin Turawa.

Shekarar 1911 ta birkita komai. A cikinta layin dogo daga kudu ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta mamaye Tarabulus. Abin da raƙumi ke yi a watanni, jirgin ruwa zuwa Legas da jirgin ƙasa suka mayar da shi makonni, kuma ba a bukatar izinin Bagadamashe ko rakiyar Buzu. Sai ga masu jarin da kansu. Wanda ya fi fice a cikinsu shi ne Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus da ya zauna a Kano ya shiga cinikin gyaɗa. A ƙarshen shekarun 1930 shi ne ya tsone wa manyan kamfanonin Turawa ido, waɗanda UAC ke jagoranta kuma suka haɗa baki a kan farashin da za su saya; ya ƙi shiga cikinsu, ya yi ta saye yana fitarwa da kansa har ya kama kaso mai tsoka na amfanin shekara. A lokacin layin Nguru, da aka gama a 1930, ya riga ya ratsa ƙasar Hadejia, Malam Madori ta zama tashar da manoman masarautar ke kai gyaɗarsu kan jakuna a ɗora a sikeli. Manomin da ke tsaye yana kallon allurar sikelin bai san sunan Raccah ba, amma kokawar da ake yi a Kano tana cikin abin da ke yanke kuɗin buhunsa.

Sai dai wannan zuwan ya tarar da wata ƙofar a rufe, kuma Turawan mulki ne suka rufe ta. Tsarinsu ya ware birni ga Sarki da talakawansa Musulmi, baƙi kuma a bayan ganuwa: Turawa a Nasarawa da Bompai, mutanen kudu a Sabon Gari, Kwarori da makamantansu a gefen Fagge inda Kantin Kwari yake. Balaraben Tarabulus Musulmi yana nan a gidan kakansa a cikin birni. Maƙwabcinsa na can gida, Bayahude, yana waje da kanti da sito. Ko da sun yi yawa, unguwarsu ba za ta shiga jerin Alfindiki da Ayagi ba. Ba su ma yi yawan ba. 'Yan kasuwa ne ɗaiɗaiku, aurensu da karatun 'ya'yansu da manyan idodinsu suna kallon Tarabulus da Mancesta.

Daga nan rijiyar da za a ɗebo mutanen ta ƙafe. A Nuwambar 1945 tarzoma ta tashi a Tarabulus da kewayenta aka kashe Yahudawa sama da 130, aka ƙona majami'u. Tsakanin 1948 da 1951 fiye da 30,000 suka bar Libiya zuwa Isra'ila. 'Yan dubban da suka rage aka kwashe su zuwa Italiya bayan yaƙin 1967, tsohuwa ta ƙarshe kuma ta fita a 2003. A Oktoban 2011, bayan an kori Gaddafi daga birnin, wani Bayahuden Tarabulus da ya girma a Rum, David Gerbi, ya dawo da guduma ya fasa bangon da aka toshe ƙofar Dar Bishi da shi, yana son ya share ta ya gyara. Cikin 'yan kwanaki masu bindiga da masu zanga-zanga suka sa ya bar ƙasar. Yahudawan Mizab, inda wasu daga 'yan gudun Tamantit suka fake, sun riga sun tashi tun 1962 da Aljeriya ta samu 'yanci. Majami'un da ake gani a Nijeriya yau, irin ta Gihon da ke Jikwoyi a gefen Abuja, yawancinsu na 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma labarinsu bai biyo ta hanyar Azbin ba.